Sababbin Tayoyin Aulis Moilanen

Shekara da shekaru, Aulis Moilanen ne kalandar ƙauyen Jauhola. Da zarar an hango shi tsugunne a tsakar gida da jak da sifana, yana cire wa motarsa tayoyin bazara yana ɗaura masu ƙusa, kowa ya san lokacin janye kwale-kwale daga tafki ya yi, don ƙanƙara tana bakin ƙofa. Bai taɓa jira sai hanya ta daskare ba. Cewa yake ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan na cikin 'yan maganganun da aka taɓa ji daga bakinsa ba tare da an tambaye shi ba.

A gidan da yake ciki aka haife shi, can ƙarshen hanya inda ta ƙure a bakin daji. Yana saurayi ya ja motar madara, yana bi gida-gida tun asuba. Da shanun ƙauyen suka ƙare sai ya koma jan motar 'yan makaranta, har ita ma makarantar aka rufe ta, aka sayar wa wasu baƙi da ke zuwa hutu da bazara. Mutum ne mai maƙo, ba sai an ɓoye ba. Rigar sanyinsa ta girmi 'yarsa, kuma har yau yana wanke ledar burodi ya shanya. Amma a kan taya ba a taɓa jin ya nemi ragi ba. Wanda ya yi rabin rayuwarsa yana gangaro da 'ya'yan mutane daga tudun gada cikin duhu, hanya tana sheƙi kamar faranti, ya san araha ba ta ado. Mafi kyau yake saya, ya biya, ya fita.

Matarsa Onerva ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu ɗaya tilo, Marjut, tana can birnin Tampere da mijinta da yara biyu, tafiyar yini guda a mota. Sauran mutanen ƙauyen kuwa, wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu kudu ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in gari ya waye bututu biyu kaɗai ke hayaƙi a Jauhola, nasa da na Raili Tolonen a bakin gada.

Raili matar marigayi Kalervo ce, ƙaramar mace mai kaifin ido, wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, don Kalervo ya ce mota ɗaya direba ɗaya ya ishe ta. Juma'ar da ta biyo bayan jana'izar Kalervo, Aulis ya tsaya a ƙofar gidanta da mota a kunne. Bai danna hon ba, bai fito ba. Can sai ga ta da jakarta, ta buɗe ƙofa ta shiga, suka tafi garin Kuhmo sayayya. Tun daga ranar haka ake yi kowace Juma'a, babu wanda ya taɓa cewa an yi alkawari. Ita ta shiga kanti da kantin magani, shi ya yi nasa uzurin, su dawo, ta dafa kofi ya sha biyu, su tattauna a kan sanyi da zurfin ruwan tafki. Ba ta taɓa ce masa na gode ba. Sai dai ya isa gida ya tarar da safa sabuwar saƙa a kujerar baya, ko burodi mai kifi a ciki naɗe da tsumma, da sauran ɗuminsa.

Mu mutanen wannan yanki haka muke, ban kuma ce abin yabo ba ne. Mutum zai faskara maka itacen shekara guda bai ji komai ba, amma ya tambaye ka abin da ke ranka sai ya ga kamar ya leƙa maka ɗakin kwana. Muna kallon hayaƙin juna, muna karanta sawun mota, muna yanke hukunci mu kaɗai a cikin kanmu. Sau da yawa muna dacewa, shi ya sa ba mu daina ba.

Da kakar bana Aulis ya mirgino tayoyin hunturunsa daga ɗakin itace, ya jera su a rana, ya bi su da hannu. Ƙusoshin sun zube kamar haƙoran tsoho, waɗanda suka rage ma sun dakushe, robar kuma ta yi tauri. Sun yi aikinsu sun gama. A wata shekarar da ba abin tunani ba ne, ranar Juma'a ya shiga shagon Jorma mai taya ya fito da sababbi. Amma a makon nan ne Marjut ta buga waya.

Marjut 'yar ubanta ce, ta san ta inda ake shigarsa. Ba ta ce masa ya tsufa ba, ba ta ce hankalinta ba ya kwanciya in ta kira bai ɗauka ba. Labari ta ba shi, cewa an tashi daga wani ɗan ƙaramin gida a benen da ke kallon nasu, ɗaki da falo, da lif mai hawa da mutane sama, da gareji mai ɗumi a ƙasa, kuma mai gidan zai jira ta har ƙarshen Nuwamba. Sannan ta ce, "Baba, bana ne za ka canja taya ko? To ka sayi marasa ƙusa. Nan gishiri suke watsa wa titi, ƙusa ba abin da take yi sai cin kwalta da damun mutane da ƙara."

Ya ce zai duba. Ya fahimce ta sarai. Taya mai kyau hunturu huɗu ko biyar take yi, kuma mutumin da ya haura saba'in in ya zaɓi taya, ya faɗi inda yake sa ran zama ke nan. Marar ƙusa ta birni ce. Mai ƙusa ta Jauhola ce, ta tudun gada, ta Juma'ar Raili.

Ranar Juma'a ya sauke Raili a ƙofar kanti ya wuce shagon taya. Jorma mai shagon yana cikin yaran da Aulis ya yi ta kaiwa makaranta, shi ne ma wanda ya fi kowa amai a mota. Yanzu ya yi tumbi da sanƙo, amma bakin nan nasa yana nan.

"Direba, ai na ɗauka bana fushi ka yi da mu," in ji shi. "Ga naka can na ajiye maka tun watan jiya, ko kare ban bari ya sunsuna su ba."

Ya mirgino guda. Aulis ya durƙusa ya duba. Ƙirar gida ce, sabuwar fitowa, ƙusoshin ƙanana birjik, an jera su ta yadda kowacce za ta sami sabon wurin kamawa. Ya goga tafin hannunsa a kai ya ji tana cizo, abin ya yi masa daɗi har cikin rai. Ya miƙe, ya share hannu a wando, ya dubi bango.

"Marar ƙusar fa, wacce ce mai kyau?"

Jorma ya dube shi da kyau. "Kai ke so, ko aiko ka aka yi?"

"Tambaya na yi."

Jorma ya shiga ciki ya fito da wata. Ita ma ba ta wasa ba ce. Robarta laushi gare ta ko a tsananin sanyi, an yi mata tsaga-tsaga sirara ko'ina, in ka danna da yatsa sai su buɗe. Jorma ya yi bayani tsakani da Allah, ya ce a kan kwalta da sabuwar dusar ƙanƙara ba ta da na biyu, ga shiru, mutum zai ji rediyonsa ba sai ya ƙure murya ba. Amma ranar da ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa, ranar da hanya ta koma gilashi, to nan ƙusa ce kawai ke magana. Aulis ya daɗe yana shafa ta, ya fi yadda ya shafa ta farkon.

"Duk biyun babu na yarwa," in ji Jorma. "Kowacce za ta kai ka hunturu biyar, in kai ka kai ta. Wannan ta mai hawa tudun gada ce, wannan kuwa ta mai zuwa kallon wasa da taye a wuya." Sai ya kwashe da dariya. "Ashe dai Marjut ta ci yaƙin. Za mu yi ɗan birni, a dinga gaishe mu da yatsa biyu."

Daidai nan Aulis ya ji iska mai sanyi a ƙeyarsa. Ya waiga ya ga Raili tsaye a bakin ƙofa da jakunkuna biyu, ta gama sayayyarta da wuri ta biyo shi da ƙafa. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta gaida Jorma, ta tambayi jikin mahaifiyarsa. Aulis ya ce zai yi tunani, ya karɓi jakunkunan ya kai but ɗin mota.

A hanyar dawowa ta ce iskar nan da ƙanshin ƙanƙara a cikinta. Ya ce akwai. Ya gaya wa kansa ba ta ji ba, don haka ya fi masa sauƙi. Da a ce ya buɗe baki ya ce mata Marjut na son ya koma, shi kuma bai yanke shawara ba, da maganar ba ta fi numfashi biyu ba. Amma a ganinsa faɗin hakan roƙo ne, kamar yana cewa ta sallame shi ko ta riƙe shi, kuma ba ya ɗora wa mace mai takaba a zuci irin wannan nauyi. Suka sha kofi, ya tafi.

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauko a ƙarshen makon. Sai Aulis ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara tuƙi, ya ɗauko tsofaffin tayoyin nan ya mayar wa motar. Shi a wajensa lokaci yake saya, mako biyu ko uku, kafin ya san inda ya dosa. Bai kawo a ransa cewa akwai mai ido a bakin gada ba, wadda ta yi shekaru tana jin ƙarar ƙusoshinsa a kan katakon gadar tun kafin ta hango motar, yanzu kuma sai ta ji motar ta wuce salalab.

Makwannin nan sun yi masa tsawo. Rana takan leƙo ne kawai ta bayan itatuwa ta koma, ƙarfe uku na yamma an kunna fitila. Yakan tashi ya hura murhu, ya share ƙofar gida, ya ɗebo itace, ya dumama miyar dankali ya sha daga tukunya don kada ya ɓata kwano. Rediyo na magana, shi ba ya tanka mata. Akwai ranakun da in ban da tari babu abin da ke fita daga maƙogwaronsa, har in waya ta yi ƙara sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin muryar ta fito. Ya riƙa bin ɗakuna yana auna kaya da ido. Teburin cin abinci zai shiga ɗaki da falo, kujerarsa ma za ta shiga. Masaƙar Onerva ba za ta shiga ba, har yanzu da rabin tabarmar da ta fara a jikinta.

Gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce yana son tafiya. Ya gaji. Kaɗaici ya ishe shi, irin wanda ba ya ciwo sai dai ya zauna wa mutum a ƙirji daga safe har dare. Yana son ya ji yara suna faɗa a kan abin banza, yana son jikokinsa su daina yi masa irin gaisuwar da ake yi wa baƙon coci. Amma duk lokacin da ya kai nan a tunani, sai ya tsinci kansa a bakin taga yana duba kudu, wajen da hayaƙin Raili ke tashi a saman itatuwa. Hukuma za ta aiko mata da tasi, ya sani. Sai dai tasi ba ya lura in gari ya waye bututu bai yi hayaƙi ba. Idan ya tafi, ita kaɗai za ta rage a tsakiyar dajin nan, mace mai ciwon ƙugu da rijiya a waje.

Ana cikin haka aka yi kwana biyu ana ɗumi, har ruwa ya ɗiga daga rufi, sannan daren Alhamis sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Ranar Juma'a suna dawowa daga Kuhmo, suka iso gangaren gada. Aulis ya rage gudu tun daga sama, ya sa ƙaramin giya, ya yi duk abin da ya san ana yi. Motar ta ƙi jin magana. Bayanta ya fara zamewa a hankali, a hankali, har suka koma suna kallon itatuwa maimakon hanya, sannan ta je ta kwanta da gefe a cikin tulin dusar ƙanƙara, taku kaɗan da bakin rafi. Injin ya mutu.

Raili ta buɗe jakar da ke kan cinyarta ta leƙa. "Ƙwai dai bai fashe ba," in ji ta.

Shi kuwa kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Bai taɓa jefa mota a rami ba, ko da yara ashirin suna tsalle a bayansa, sai yau da tsohuwa ɗaya da kwandon ƙwai. Ya ɗauko shebur ya haƙa, ya saro rassa ya cusa ƙarƙashin tayoyin, ita kuma tana tsaye a gefe riƙe da jakarta. Yana haƙa yana kallonta ta wutsiyar ido, ƙanƙanuwa cikin ƙatuwar riga, babu gida ko ɗaya a bayanta sai daji. A nan ya yanke shawara. Bai gaya mata ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne, za ta ji da kunnenta.

Ranar Litinin ya tafi Kuhmo shi kaɗai. Ya ce wa Jorma masu ƙusa, duka huɗu.

"Haba, yanzu na ji magana," in ji Jorma. "Dama taye ba zai yi maka kyau ba, Direba, wuyan ya yi tsawo." Da aka gama ɗaurawa ya buga rufin motar da hannu. "Ka san ƙa'ida, ba sai na koya wa kaza tono ba. Kada ka figa, kada ka taka birki da ƙarfi, ka lallaɓa su har ƙusoshin su zauna."

Daga nan farfajiyar shagon ya kira Marjut, don ba ya son abin ya kwana. Ta ɗauka tana wurin aiki, ana jin hayaniya a bayanta. Ya ce mata ya sayi taya.

"Waɗanne, Baba?"

"Masu ƙusa."

Muryarta ta canja, ta ce to, Allah ya sa su yi ƙarko, za ta gaya wa mai gidan ya ba wani. Ta ce ya riƙa ajiye wayar kusa da shi. Ya ce zai riƙa. Ya ji ba daɗi, don ya san ta riga ta auna labulen ɗakin nan a ranta. Amma da ya hau kwalta ya ji sababbin ƙusoshin suna ta ƙara a ƙarƙashinsa kamar yayyafi a kan kwano, sai zuciyarsa ta yi sauƙi. Ya daɗe bai ji shi mutum mai amfani kamar ranar ba.

Ya gangaro tudun gada motar ko gezau ba ta yi ba. Ya bi ta kan katakon gadar a hankali, don ƙarar ta isa inda yake so ta isa, sannan ya karya sitiyari ya shiga gidan Raili, ranar Litinin, ba dalili. Kafin ya kashe injin ta fito ƙofa da mayafi a kafaɗa. Ba shi ta kalla ba. Ta sauko daga matakala ta zagaya motar, ta tsaya a gaban tayar gaba ta daɗe tana kallonta.

"Sababbi ne," in ji ta.

"Sababbi."

"Masu ƙusa."

"Masu ƙusa."

Ta ce ya shigo ya sha kofi. Yana cire takalmi a zaure ya ga kwalaye jere a jikin bango, an ɗaure su da igiya. A falo an sauke labule, an cire agogon bango ya bar farin tabo inda yake, hotunan Kalervo da na ɗansu suna kife a kan tebur. Ta ɗora tukunyar kofi tana ba shi baya, a haka ta gaya masa. Ɗanta da ke Sweden ya daɗe yana damunta ta karɓi ɗaki a gidan tsofaffi na Kuhmo, tana ƙi. Wannan karon da aka ce ɗaki ya samu, ta amsa. Gidan ma an yi cinikinsa da wani maharbi ɗan kudu da ya jima yana nema, an gama komai. Farkon wata za ta tashi. Da ma ranar Juma'a take niyyar gaya masa.

Ta juyo ta dube shi. "Na ji ku a shagon Jorma. Sannan na ji ka mayar da tsofaffin. Kai ba ka taɓa shiga hunturu da tsohuwar taya ba, Aulis. Na ce mutumin nan tafiya yake son yi, ni na zame masa turke, kara ta hana shi faɗa."

"Ai da kin tambaye ni."

"Kai ka tambaye ni?"

Kofin ya tafasa ya kusa zuba, ta sauke.

"Marjut ta sani?" in ji ta.

"Na gaya mata ɗazu."

Raili ta nemi wurin zama ba ta samu kujera kusa ba, ta zauna a kan kwali. Ta gane, ba sai an faɗa mata ba, kuma ya ga gane ɗin yana shirin danne ta. Mace ce da ba ta iya cin bashin gishiri ta yi barci, yanzu ga shi za ta shiga ɗakin tsofaffi da sanin cewa wani ya ajiye 'yarsa da jikokinsa saboda ita. Wannan ne Aulis ya kasa bari.

"Ni fa dama ba inda za ni," ya ce, yana kallon tabon agogo. "Taya kawai na duba. Birni ba wurina ba ne, ko ɗaure ni aka yi ba zan kwana uku ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ta san ƙarya ce, shi ma ya san ta sani. Amma ta karɓa, don ta ga da hannu biyu ya miƙo mata.

"Haka ne," ta ce. "Kai da hayaniya."

Wani zai ce ai taya ba aure ba ce, ya sayar mana ya bi 'yarsa, gida bai ƙare a Tampere ba. Mai faɗin haka bai zauna da mu ba. Ranar da Aulis ya loda kayansa ya yi kudu, ranar ce maganar da ya faɗa a falon nan za ta tashi daga gaskiya ta koma ƙarya a idon Raili, kuma a Kuhmo labari ba ya kwana bai shiga gidan tsofaffi ba. Ya faɗa, dole ya zauna a kai. Ni dai abin haushi yake ba ni, mutum biyu masu hankali kowa ya sadaukar da abin da yake so don ɗan'uwansa, aka tashi babu wanda ya samu. Amma ba a nemi shawarata ba.

Ran tashi, motar kaya ta kwashi gado da kabad, shi kuma ya ɗauki Raili da tukwanen furanninta da agogon. Ya tuƙa a hankali yadda sabuwar ƙusa ke so, har motocin katako suna wuce su. Ba ta waiga ta kalli gidan ba. Ɗakin yana hawa na biyu, mai tsabta ne, da ɗumi, da ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ya kafa mata ƙusa ya rataye agogon, ya jera furannin a taga. Da aiki ya ƙare ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Ranar Juma'a fa?" in ji shi.

Ta nuna masa ta taga. Kanti na tsallaken titi, kantin magani kuma a ƙasan benen yake. "Ka huta da wahala," ta ce.

"Haka ne."

Ta jira ya ce zai zo duk da haka. Ya jira ta ce ya zo. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an kusa zuba abinci, sai ya sa hularsa ya ce a zauna lafiya.

Duhu ya riga shi isa Jauhola, ko da yake yamma ba ta yi nisa ba. Ya sa motar a rumfa, ya hura murhu, ya ɗora ruwa. Bai gama cire rigar sanyi ba waya ta yi ƙara. Marjut ce, ta sauko daga fushin, tana tambayar tayoyin. Ya ce suna riƙe hanya sosai, bai taɓa samun irinsu ba. Ta tambayi Raili, ya ce tana lafiya, bai ƙara komai a kai ba.

"Baba," ta ce, "an ba da wancan gidan, amma za a samu wani. In ka sake shawara, magana ɗaya za ka yi."

Ya tsaya da wayar a kunne, yana jin muryar jikansa daga nesa yana neman wani abu da ya ɓata.

"Tayoyin sababbi ne, Marjut. Sai sun cinye."

"Yaushe ke nan?"

"Jorma ya ce hunturu biyar."

Suka yi sallama. Ruwan ya tafasa, ya tashi ya sauke.